Ledar da ba ja ba ma jini ce

Har yanzu ban huce ba game da mutumin nan da ya tayar da ƙura a ɗakin marasa lafiya jiya, kuma masu cewa in yi masa uzuri tunda ɗansa ne a kwance su yi haƙuri, domin fargaba ba ta ba kowa izinin zagin ma'aikaciyar jinya ba. Wai shi jini ya bayar ja wur, sai ga leda mai ruwan ɗorawa an rataye wa yaron, saboda haka an sace nasa an sayar. Madalla da wannan gwani da ya kammala karatun likitanci da kallo ɗaya!

Jini ba abu guda ba ne. Idan aka juya shi a na'ura rabuwa yake yi, kusan kashi 55 cikin 100 ya taso sama, ruwa ne mai launin ɗorawa-ɗorawa da ake kira filasma, wanda ke ɗauke da gishiri da furotin da sinadaran daskarewa. Jan da ya ɗauke wa mutumin hankali na jajayen ƙwayoyi ne, masu kai iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, ɓargo ke ƙera su, su yi kimanin kwana 120 su mutu. Fararen ƙwayoyi, masu yaƙar cuta, ko kashi 1 ba su cika ba.

To yaron nan ba ja ya rasa ba. Na ga dasashinsa yana tsattsafar jini, audugar da aka danna masa a gurbin allura ta jiƙe sharkaf. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne falatilet, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke taruwa su toshe bakin rauni, kuma su ne a ledar da uban ya raina. Kwanakinsu kaɗan ne a ajiye, kamar biyar, shi ya sa samunsu ke da wuya. Wani ya ce mini ai laifin asibiti ne da ba ta yi bayani ba. An yi, ina tsaye, ihunsa ne ya danne muryar baiwar Allah.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, da aka tambaye shi rukunin jininsa sai ya hau sosa ƙeya, alhali tun 1901 wani likita mai suna Karl Landsteiner ya gano rukunan A da B da O. Ni ma sai da na lalubo katina a jaka na sake duba nawa.