Datsa MTN gida-gida ba zai sauko da kuɗin data ba

Tun watan Janairun 2025 da NCC, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Najeriya, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data, wata magana ke ta yawo a bakin 'yan uwa na gida: wai MTN ya yi girman da ya fi ƙarfin kowa, gara gwamnati ta datsa shi gida biyu ko uku kamar yadda Amurka ta taɓa yi wa nata babban kamfanin waya. Na san inda abin yake yi wa mutane zafi. Kusan rabin layukan da ke aiki a Najeriya na kamfani ɗaya ne, kuma a garuruwa da yawa idan sabis ɗinsa ya ɗauke, to mai POS ya tashi daga aiki, ɗalibi ya ajiye karatu. Amma ni da nake zaune a Ingila, inda aka shafe shekara ashirin ana irin wannan dambarwa da BT, babban kamfanin wayar ƙasar, ban yarda wuƙa ce maganin ba.

Labarin Amurkan da ake kafa hujja da shi, rabinsa ake faɗa. Gwamnatin ƙasar ta maka kamfanin AT&T a kotu a 1974, aka yi ta shari'a, daga ƙarshe ranar 1 ga Janairun 1984 aka yanke masa harkar kiran cikin gari aka raba wa sababbin kamfanoni bakwai, kowanne da yankinsa. Kuɗin kiran nesa ya sauko sosai, wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya sauko da shi shi ne ƙofar da aka buɗe wa irin su MCI da Sprint suka shigo suna neman kwastoma. A cikin gari kuwa kuɗin wata hawa ya yi, domin kowanne cikin bakwai ɗin sarki ne a yankinsa, babu mai ja da shi. Bayan haka suka bi juna suna haɗiyewa. A 2005 ɗaya daga cikin 'ya'yan, SBC, ya saye uwar ya kuma ɗauki sunanta. Yau AT&T da Verizon ne ke riƙe da mafi yawan abin da aka raba.

Ingila wata hanya ta bi, kuma ita ce na fi sani domin a kanta nake biyan kuɗin intanet duk wata. BT ya gaji wayoyi da turaku da ramukan ƙarƙashin ƙasa tun lokacin yana hannun gwamnati, kafin a sayar da shi a 1984. Duk kamfanin da ke son sayar wa gida intanet dole ya bi ta kan wayar BT, alhali shi BT ɗin ma yana sayar da intanet ga wannan gidan. Kamar a ce titin Kano zuwa Zariya mallakin wani kamfanin sufuri ne, shi ke tsayar da kuɗin da sauran motoci za su biya kafin su hau, kuma motocinsa na ɗaukar fasinja a kan titin. Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a ƙasar, ba ta raba BT arewa da kudu ba. Ta matsa masa ya ware masu kula da waya da turaku ya mai da su wani sashe dabam mai suna Openreach, wanda ya fara aiki a 2006, da sharaɗin ya yi wa kowane kamfani aiki a kan farashi ɗaya da ƙa'ida ɗaya, har da shi BT. Shi ya sa a unguwarmu wayar da ta shiga gidana da ta maƙwabcina iri ɗaya ce, ma'aikacin da ke zuwa gyara ɗaya ne, amma kowa da kamfanin da yake biya. Idan ɗaya ya tsawwala, in wa'adin kwantiragi ya cika ka koma Sky ko TalkTalk ko Vodafone ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba.

Kada a ce na mai da Ingila aljanna. Shekara goma bayan wannan rabuwa, abokan gasa na ta kuka cewa Openreach ya maƙale wa tsohuwar wayar jan ƙarfe yana tatsar ta, ya ƙi shimfiɗa fayiba, wato sabuwar wayar gilashi mai saurin intanet. A 2017 gidajen da fayiba ta kai har ƙofarsu ba su kai biyar cikin ɗari ba, lokacin da Sifen da Fotugal suka yi nisa. A shekarar ce aka ƙara matsa wa BT ya mai da Openreach kamfani mai hukumar gudanarwarsa, ko da yake har gobe nasa ne. Abin da ya tayar da shi daga barci kuwa shi ne lokacin da aka ba wasu irin su CityFibre damar zura tasu fayibar ta cikin ramukansa da kan turakunsa. Da ya ga ana cin kasuwa a ƙofar gidansa, sai ga motocinsa ko'ina. Kuma duk da yawan kamfanonin, sun daɗe suna ƙara kuɗi a tsakiyar kwantiragi gwargwadon tsadar kaya da ɗoriyar kashi 3.9, har sai da Ofcom ta hana wannan salon a Janairun 2025. A wayar hannu ma kamfanonin ƙasar haɗewa suke yi, tun da Vodafone da Three sun zama ɗaya.

Mu ma ai mun ga wannan darasi da idonmu. Zamanin da hukumar wayar gwamnati, NITEL, ke cin karenta babu babbaka, layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, samun wayar girke sai mai hanya. Babu wanda ya datsa NITEL. Lasisi aka yi gwanjonsa a 2001, dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka shigo. Su ma da suka samu wuri sai suka riƙa cajin naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe, suna cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Glo na shigowa a 2003 da lissafin daƙiƙa, abin da ba zai yiwu ba ya yiwu nan da nan.

To a ce yau an raba MTN, ta ina za a yanka? In ta yanki ne, mu 'yan arewa mu fara riƙe kai. Kuɗin yana Legas da Abuja da Fatakwal. Namu rabon shi ne nisa tsakanin gari da gari, da man dizal da ake ɗura wa janareton kowane turken sabis, da ɓarayin batir, da dazukan da injiniya ba ya iya shiga sai da rakiyar soja. Kamfanin da aka bar wa Zamfara da Yobe ba tare da ribar Legas ba, ko ya ninka kuɗi ko ya kashe turakun ƙauye. In kuma kwastomomi za a raba gida biyu, kowane rabi zai ci gaba da sayen kayan aiki da dala yana karɓar naira. Wannan ce ta sa MTN ɗin da ake gani ƙato ya tafka asarar kusan naira biliyan 400 a 2024.

Wani ɓangare na rabuwa irin ta Ingila ma an riga an yi shi a gida ba tare da an yi shela ba. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin hayar turaku irin su IHS suka koma haya. Abin da ya rage shi ne fayibar da ke haɗa jiha da jiha, da kuma sabis a wurin da turke ɗaya ne tak. A nan ne girman MTN ke cutar da mai waya. Tun 2013 aka ba mu damar sauya kamfani da lambarmu, amma mutumin da kamfani ɗaya ne ke kamawa a ƙauyensu, ina zai koma? Shi ya sa kowa ke yawo da layi biyu. A shekarar ce kuma NCC ta ayyana MTN a matsayin wanda ya yi kane-kane a harkar kira, ta ce ya daina bambanta kuɗin kiran layinsa da na wasu. Ke nan hukumar na da sandar, ta kuma taɓa ɗaga ta: tarar da ta ci kamfanin a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, ko bayan ragi, naira biliyan 330 ce.

Da ni ake tambaya, sai in ce a tilasta wa duk mai fayiba ya ba wasu haya a kan farashin da aka buga kowa ya gani, kuma yarjejeniyar da ta ba masu layin 9mobile damar hawa sabis ɗin MTN a 2025 ta zama ƙa'ida a duk ƙauyen da turke ɗaya ne, ba alfarma tsakanin kamfani biyu ba. Gwamnoninmu ma da nasu laifin. An daɗe da amincewa a kan naira 145 a kowace mita ta haƙa ramin fayiba, Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya tun 2020, amma har yanzu akwai jihohin da ke ɗaukar ramin nan a matsayin wurin tara haraji, sannan ɗan kwangilar titi ya zo da katafila ya tsinke wayar babu mai ce masa uffan.