Kafin mu buga salsalar gidanmu a kalanda

A 'yan shekarun nan kusan kowane babban gida a birnin Zariya ya buɗe zauren zuri'a a WhatsApp, ana taron zumunci bayan sallah, ana buga kalanda mai ɗauke da salsala. Wannan abu yana faranta mini rai ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne kwaskwarimar da muke yi wa tarihin kafin mu kai shi maɗaba'a. Duk gidan da ka tambaya, kakansu malami ne da ya taso daga Barno ko Malle, ko kuma ya shigo da tuta tare da Malam Musa, jagoran jihadi a Zazzau. To, su wa suka tarar a garin? Wa ya gina ganuwar nan? Su wa ke rini a karofi, su wa ke ƙira da jima da dukanci? Mutanen nan sun hayayyafa, kuma da yawanmu jikokinsu ne.

A gidanmu riwaya biyu ce. Iyayenmu maza suna cewa da jihadi muka zo. Gwaggonmu kuwa, Allah Ya jiƙanta, ta ce tun kafin nan muna cikin birni, kuma da Makau, sarkin Zazzau da jihadi ya tarar a kan mulki, ya fita ya nufi kudu wajen Zuba, gidan ya rabu biyu, wasu suka bi shi, wasu suka zauna. Ta ce shi ya sa muke da dangi a Abuja ta dā, wato Suleja, garin da ƙanen Makau, Abu Ja, ya kafa a 1828. Ni maganarta na fi gaskatawa. Dangin Suleja suna nan, har yau ana zumunci, sannan labarin nata bai ƙara wa kowa girma ba. Mutum ba ya ƙirƙiro labarin da zai rage masa matsayi a zaure.

'Yan'uwana 'yan boko sukan ce sai sun ga takarda. Madalla, a nemo ta. Akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma mu san abin da muke karantawa. Rahotannin gundumomi da aka rubuta bayan Turawa sun shigo Zariya a 1902, Bature ne ya rubuta su ta bakin tafinta, hakimi ko dagaci yana zaune, kuma abin da ya kawo shi ƙididdigar haraji ce. Wa zai faɗi yawan iyalinsa dalla-dalla a irin wannan zama? Su ma labarin baka ne, sai dai an zuba shi a takarda da wuri. Ko a kusa-kusa, dubi takardun rantsuwar shekaru na iyayenmu, nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu?

Inda takarda ta fi baki shi ne shekaru. Tsofaffi ba sa kuskuren unguwa, ko sana'a, ko wa ya auri wa, amma sukan tsallake suna, ko su haɗe kaka da jika masu suna ɗaya. Maganin wannan a hannunmu yake. Tambaye su, zamanin wane sarki? Idan aka ce an haifi wane zamanin Aliyu Ɗan Sidi, ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso, wato wajen 1911, ko da Ja'afaru ya hau a 1937, ko Aminu a 1959, ka samu abin kamawa. Sai ka yi lissafi. Daga jihadi zuwa yau shekaru ɗari biyu ne da 'yan kai, sunaye shida ko bakwai sun isa su cike su. Amma salsalar da ta kai mutum zamanin sahabbai da sunaye goma sha biyu, akwai giɓi a cikinta, kuma addininmu ya yi kashedi mai tsanani kan jingina kai ga wanda ba ubanka ba.

Sai wurin da kowa ke kau da kai. Zazzau ƙasar rinji ce, wato ƙauyukan da ake ajiye bayi suna noma. An yi bauta, an yi ƙwarƙwarori, kuma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Akwai kakanni mata da aka kawo daga nesa, aka canja musu suna, suka haifi malamai da masu sarauta. Su ne ba ma sa wa a kalanda. Wallahi wannan yana yi mini ciwo. Matar da aka raba da garinsu tana ƙarama, ta reni zuri'a guda, ba ta cancanci jikokinta su share ta saboda kunya ba.

Roƙona ga kwamitocin zuri'a, ku dakata da bugu. Ku fara shiga cikin gida wurin iya da gwaggo da inna, domin su suka riƙe ɓangaren uwa, su suka san ma'anar tsagar da ke fuskar kakanni. Ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta sunan mai maganar da ranar da ta yi ta. Inda riwaya ta zo biyu, ku buga su duka biyun, kowace da sunan wanda ya faɗe ta.