Giyar motar ba ta da laifi, ku ne kuka ɗaura ta ita kaɗai

Na ga bidiyon mutumin nan da ya ɗaura wa motarsa giyabos samfurin 4L80E, ta lalace, ya fito yana kushe ta; don Allah a daina turo min. Na kalle shi har sau uku, kuma hukuncina bai canja ba: giyar nan ba ta da laifin komai. Mai motar ne ya kashe ta, shi da makaniken da ya yarda ya ɗaura masa ita a haka. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ya tsaya gaban a-kori-kurarsa yana rantsuwa cewa 4L80E suna ne kawai, jama'a kuma suna ta ba shi gaskiya, ba wanda ya tambaye shi me da me ya saya bayan giyabos ɗin.

Ga a-kori-kura Silverado 1500 mai injin lita 5.3, ka ɗora mata turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi), giyabos 4L60E ɗin da ta zo da ita ta ƙone. Wannan ba abin mamaki ba ne. An yi ta ne don injin da ƙarfin juyinsa bai wuce kusan 490 Nm ba (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne), kuma kowa ya san kulocin giya ta uku da ta huɗu ne ke fara sallamawa da zarar an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ka ce za ka koma 4L80E, wadda aka ƙiyasta mata kusan 600 Nm. Shawara ce mai kyau, ni ma ita zan ba ka. To amma ka sayo giyabos tsura, ka kai gareji, ka ce a ɗaura kafin yamma. A nan ka ɓata komai. Giya ba ta tafiya ita kaɗai, tana da 'yan rakiya, kuma duk wanda ka bari a baya cikinsu shi zai ci ka.

Mu fara da kanbata, wato abin da ke miƙa juyin inji ga giya ta hanyar mai, domin a nan bidiyon ya tona asirin aikin. Ta tsohuwar giya ba ta shiga sabuwa, haƙoran sandar da take hawa ba ɗaya ba ne, wannan ko shi ya gane. Abin da bai gane ba shi ne farantin da ke haɗa kanbata da injin. Ku koma ku duba inda ya haska ƙarƙashin motar: tsohon farantin ne, an huda masa sabbin ramuka, an jera wasa a kan kowane noti don a cike tazara. Subhanallahi. Kanbata tana da ɗan hanci a tsakiya wanda dole ya zauna daidai cikin bayan karanshaf, shi ke riƙe ta a tsaye lokacin da take juyi dubbai a minti ɗaya. Idan hancin bai kai ba, sai ta riƙa lilo. Lilon nan shi ke cinye bushin famfon mai, ya tsaga farantin, mai ya fara zuba ta gaba. Idan kuma aka matse ta fiye da kima, sai ta danne famfon ta fasa shi. Motocin da suka fito daga kamfani da injin lita 6.0 da 4L80E suna da farantinsu na musamman da zoben da ke cike wannan tazara. Kayan suna nan, ba sai an ƙirƙira ba. Me ya hana a nemo su?

Kuma ba kowace kanbata ta 4L80E ce za ta yi wa mota mai turbo ba. Giya ta ɗaya a 4L60E 3.06 ce, a 4L80E kuwa 2.48 ce. Ma'ana motar za ta yi nauyin tashi fiye da yadda ka saba. Idan ka sa kanbatar da aka yi wa motar ɗaukar kaya, wadda ke kama injin tun yana ƙasa, turbo ba zai samu iskar salansa da zai farka da wuri ba, sai ka taka totur motar tana jan ƙafa. Idan ka wuce gona da iri ka sa mai sakin injin sosai, sai ta riƙa dafa mai a tafiyar yau da kullum. Ana zaɓen ta ne gwargwadon girman turbo, nauyin mota, da aikin da za ka sa ta. Mutumin nan bai ma san wace iri aka sa masa ba, da bakinsa ya faɗa.

Na ga masu cewa ai rumfar gaban giyar tana hawa bayan injin lafiya lau, notuna sun shiga, saboda haka ta dace. Shigar noti ba ita ce dacewa ba, ku bar wannan magana.

Sai kwamfutar motar, wadda makanikai ke ce wa birenbos. Nan ne nake so ku tsaya ku karanta a hankali. Giyoyin biyu kowacce tana da solinoid biyu na canjin giya, wato bawul na lantarki da kwamfuta ke kunnawa da kashewa, amma ba yare ɗaya suke ji ba. A 4L60E, giya ta ɗaya tana shiga ne idan duka biyun suna kunne. A 4L80E, duka biyun a kunne giya ta huɗu ke nan. Solinoid na biyu a juye yake aiki. Ka bar kwamfuta da tsohon tsarinta, ta ba da umarnin giya ta ɗaya, giyabos ta ji ta huɗu. Wane ƙarfe ne zai jure haka? Ga shi 4L80E tana da sansar gudu biyu, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita, alhali yawancin tsofaffin 4L60E ɗaya gare su. Dole a sauya wa wasu wayoyi gurbi a soket, a ja sabbi zuwa sansar gaba, sannan a rubuta wa kwamfutar tsarin 4L80E, ko kuma a sa wa giyar kwamfuta tata daban. Akwai masu juya solinoid ɗin da rile, wato ɗan makunnin lantarki, su bar sauran yadda yake. Motar za ta tafi, ban musa ba. Amma matsin mai fa? Lokacin kulle kanbata fa? Injin da ke da turbo yana zubo ƙarfinsa ne gaba ɗaya a tsakiyar gudu, kuma idan kwamfuta ba ta ƙara matsin mai a daidai wannan lokaci ba, kuloci zai zame, ko da kuwa na 4L80E ne. Warin ƙuna da mai motar ya ce ya ji a rana ta uku daga nan ya fito.

Wani ya rubuta min cewa abokinsa ya yi irin wannan aiki bai taɓa kwamfuta ba kuma motar tana nan tana tafiya. Allah ya ƙara mata lafiya. Ni dai ba zan gina shawara a kan sa'ar mutum ɗaya ba.

Ƙarƙashin mota kuwa aikin ƙarfe ne da awo. Sabuwar giyar ta fi tsayi, ta fi nauyi, mazauninta ya ja baya, saboda haka gindin da ke ɗauke da ita sai an canja shi ko a matsar da shi a yi walda mai kyau. Sandar mafita haƙora 32 gare ta, ta tsohuwar 27, don haka bakin farfela sabo ake nema, ita kanta farfelar a rage mata tsayi a kuma daidaita ta a inji. A bidiyon an yanke ta ne an liƙa da ido. Wannan karkarwar da yake kuka da ita idan ya ɗauki gudu, ga tushenta. In motar mai jan taya huɗu ce, har ogzilari, wanda ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, sai an canja masa mashiga zuwa mai haƙora 32. Sandar awon mai da bututunta, maƙalar wayar liba, murfin ƙasan kanbata, duk ƙanana ne, duk kuma sai an same su.

Kar a manta da sanyaya mai. 4L80E ɗin da aka ƙera daga 1991 zuwa 1996 bututun mansu biyu duk a gaba suke. Daga 1997 aka mayar da ɗaya baya, kuma kan bututun na baya dogo ne domin shi ke kai mai tsakiyar giyar. Ka ɗaura gajere a wurin, ka hana cikin giya mai ba tare da ka sani ba. Shi ya sa tambayar farko idan za ka sayi 4L80E ita ce ta wace shekara ce. Sannan ɗan abin sanyaya man da ke cikin lagireto bai isa mota mai turbo ba, ga intakula, mai sanyaya iskar turbo, ta tare gaba tana aiko da iska mai ɗumi. A ƙara babba na waje, a sa agogon zafin mai inda direba zai riƙa gani.

Masu cewa lissafin ya yi yawa, talaka ba zai iya ba, na ji ku kuma ina tausaya muku da gaske. Na san yadda mutum ke tara kuɗi wata da watanni don motar da yake ƙauna. Dalilin da ya sa nake ɗaga murya ke nan. In ba za ka iya haɗa 'yan rakiyar ba yanzu, rage wa turbo iska, ka lallaɓa 4L60E ɗinka, ka riƙa sayen kayan ɗaya bayan ɗaya har su cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka ɗaura rabin aiki, ka ƙona giya mai kyau, sannan ka fito kana hana wasu abin da zai amfane su. Yara masu koyon aiki suna kallon irin waɗannan bidiyoyi, suna ɗauka ilimi ne.

Shi kuma makaniken, malam, kai ne ka fi ba ni haushi. Mai mota bai sani ba, kai ka sani. Da ka ce masa ba za ka taɓa ba sai kaya sun cika, da yanzu yana yi maka addu'a.

Wannan giyar da ake zagi fa jikar tsohuwar giyabos TH400 ce, wadda General Motors ya fito da ita tun 1964, aka ƙara mata giya ta huɗu da sarrafawar lantarki a 1991. 4L80E ɗin aka sa wa Hummer H1. Har Rolls-Royce da Bentley na Ingila sun yi shekaru suna sayenta suna sa wa motocinsu, haka ma Jaguar a wasu nata. Na daɗe ina son in ga cikin wadda aka ciro daga Bentley, in gwada ta da ta a-kori-kura in ga inda suka bambanta, musamman wajen laushin canjin giya. Duk wanda ya taɓa buɗe irinta a cikinku, ya yi min magana, ina da tambayoyi.