Ku daina yi wa mai zuwa na baya dariya

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, kuma tana cin mu ba mu sani ba. Da zarar an ce wane ya shiga gasa bai ci ba, sai a hau shi da ba'a: "To me ya kai shi? Yawon buɗe ido kawai ya je." Mai faɗin haka yana kwance a kan tabarma, waya a hannu, ko gasar unguwa bai taɓa shiga ba.

Ku zo mu duba labarin Joyce Tafatatha, 'yar ƙasar Malawi. An haife ta a 1998, ta wakilci ƙasarta a gasar Olamfik ta Landan a 2012 tana da shekara 14, a ninƙayar mita 50. Ta gama cikin daƙiƙa 27 da 'yan kai, ba ta tsallake zagayen farko ba, domin mutum 16 kacal ake ɗauka zuwa na kusa da ƙarshe. Wadda ta lashe zinare, Ranomi Kromowidjojo ta ƙasar Holand, ta yi a daƙiƙa 24.05. A baki tazarar ba ta kai komai ba, amma a cikin ruwa mitoci ne masu yawa.

Mai gajeren tunani zai ce ta sha kaye. Ni kuwa cewa nake a fara tambaya daga ina ta fito. Malawi ba ta da teku. Tana da babban tafki, gaskiya ne, amma iyo a tafki daban, ninƙayar gasa daban. Ita wannan tana buƙatar kududdufi mai layi, da koci riƙe da agogo, da sanin yadda ake faɗawa ruwa daga kan dakali da zarar an busa, da yadda ake juya kai a shaƙi iska ba tare da gudu ya ragu ba. Yarinya za ta tashi da asuba ta yi ta kai da komowa a layi ɗaya, fuska cikin ruwa, idanu sun yi ja, sannan ta sa kayan makaranta ta tafi aji. Shekaru ake yi a haka saboda tseren da ba ya kai rabin minti. Da yawa daga abokan karawarta kuma sun taso ne a ƙasashen da kusan kowane gari yake da irin wannan wuri.

Malawi ta fara zuwa Olamfik a 1972, kuma har yau ba ta samu lambar yabo ko ɗaya ba. Duk da haka ba ta ce ta fasa ba. Hukumar ninƙaya ta duniya tana ba ƙasashen da ba su kai ma'aunin shiga ba gurbi, namiji ɗaya mace ɗaya, su kuma ba su raina gurbin ba. Zahra Pinto ta je Beijin a 2008, Joyce ta biyo baya, Ammara Pinto ta je Rio a 2016, Jessica Makwenda ta je Tokyo, Tayamika Chang'anamuno ta je Faris a 2024. Da ta farkon ta ji tsoron dariya ta zauna a gida, wa ta biyun za ta gani ta yi sha'awa?

Nan ne nake jin haushinmu. Mun ɗauka in ba za ka zo na ɗaya ba, gara kada ka fara. Shi ya sa wani ya bar koyon ɗinki don wandonsa na farko ya karkace, wata ta ƙi sake zana jarrabawa don ƙawaye sun ji sakamakonta. Alhali da rarrafe yaro kan tashi. Su kuma masu ba'ar, wallahi yawancinsu tsoro ne ke cin su, suna rufe shi da baƙar magana.

Ƙanina, ƙanwata, in ka shiga abu aka bar ka a baya, rubuta inda ka tsaya yau, kamar yadda 'yan ninƙaya ke rubuta lokacinsu a littafi, gobe ka yi ƙoƙarin wuce shi. In kuma ka ga hoton wata ta zo ta baya a gasa, yatsanka yana ƙaiƙayin rubuta habaici a Facebook, ajiye wayar tukuna.