Yadda Nargis Ta Cinye Min Dubu Arba'in da Biyar

Dubu sittin nake bin taubashina, ɗan Gwaggo. Tun kafin ƙaramar salla ya karɓa, wai zai saro kaya, sati biyu ya maido. Muka ci tuwon salla, muka ci naman layya, damina ta zo ta wuce, har hunturu ya fara fasa mana kaushi, shiru kake ji. Wanda bai taɓa bin taubashi bashi ba bai san wahala ba. Ka ɗaure fuska ka je masa da magana, ya tuntsire da dariya ya ce ai kuɗin shara ne na shekarun baya da ka tara wa kanka.

To ni ma ba yaro ba ne. Ranar da na ba shi kuɗin na rubuta a ɗan littafin da ba ya barin aljihun gaban rigata, na sa ya sa hannu. Da wata uku ya wuce na matsa masa lamba, ya kinkimo wani ƙaramin janareto ya ajiye min jingina, ya rantse na shagonsa ne.

A duniya mutum ɗaya yake tsoro, Gwaggo. Amma Gwaggo ba a zuwar mata da ƙara hannu rabbana, sai an fara sanyaya mata rai. Kuma duk danginmu an san lagonta: Nargis, tsohuwar jarumar finafinan Indiya. Ba ta haɗa ta da kowa. A kawo mata 'yan fim ɗin yanzu, ta taɓe baki ta ce waɗannan ko kuka ba su iya ba, sai an ɗiga musu ruwa a ido. Marigayi mijinta ne ya fara ganin Mother India a silima, ya dawo ya ba ta labarinsa kwana uku a jere, don a lokacin silima ba wurin matan aure ba ne. Ita sai daga baya ta gan shi a talabijin mara kala a gidan maƙwabta, ta yi shekaru ba ta san fim ɗin mai kala ba ne. Da bidiyo ya zo ta mallaki kaset ɗinta, ta yi ta murza shi har inji ya tauna zaren. Tun daga nan take zaman makokinsa.

Ni kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa kallonsa ba. Hoton kawai na sani: mace ta saɓa garmar shanu a kafaɗa, fuska duk wahala. Na ɗauka fim ɗin noma ne.

Na je wurin yaran nan masu tura finafinai a waya. Yaron ya daɗe yana lalube a kwamfutarsa, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, na 1957 fa. Wannan ai ya girmi 'yancin kan Nijeriya." Na ce shi nake so. Ya ce babu fassara. Na ce wadda za ta kalla ba ta bukata.

Ran Juma'a bayan isha'i na ɗauki ɗan sahu, na loda janareto da jarkar fetur, sai cikin gari. Babu wuta, kamar yadda na zata. Na ajiye injin a soro, na ja doguwar waya zuwa tsakar gida, aka fito da talabijin aka ɗora a turmi da faifai a kai. Kafin in gama haɗawa labari ya zaga layi, mata sun cika tabarmi uku, yara sun hau katanga. Gwaggo ta kama hannuna tana sa albarka. "Babana, yau ka biya ni." Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa. A raina na ce saura ni a biya ni.

Aka fara. Ga Nargis ta fito a matsayin Radha, tsohuwa tukuf, an zo ana roƙonta ta buɗe sabuwar hanyar ruwa ta ƙauye, sai tunani ya mai da ta ranar aurenta. Gwaggo ba ta jin Indiyanci, amma tana faɗar magana kafin mai maganar ya buɗe baki. Ina jin daɗina, ina tsara yadda zan shigo da batuna idan an tashi, sai na ji ta ce wa matan, "To kun ga wannan bikin? Da bashi aka yi shi. Surukar Radha ce ta ci rufi 500 a hannun Sukhilala."

Gabana ya ɗan faɗi. Na ce wataƙila a gefe abin zai tsaya.

Ina! Ashe fim ɗin gaba ɗayansa, kusan awa uku, a kan bashin nan ya ginu. Surukar ta ce kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona aka yi alkawari, Sukhilala ya ce kashi uku ne, ga shi a rubuce, ita kuwa ba ta iya karatu ba. Dattawan gari suka ba shi gaskiya. Duk lokacin da mutumin nan ya buɗe littafinsa sai tsakar gida ta ɗauki tsinuwa. Wata dattijuwa a bayana ta ce, "Ni dai duk namijin da ke yawo da littafin bashi ban ga annuri a fuskarsa ba." Na ɗora tafin hannu a ƙirji kamar mai jin ciwon zuciya, na rufe aljihu.

Dutse ya danne hannayen mijin Radha garin sharar sabuwar gona, ya rasa su duka biyun, ya sulale cikin dare don kunya. Ambaliya ta zo ta share gari. Yara na kukan yunwa. Mata na sharɓe hawaye da bakin mayafi, Gwaggo na maimaita, "Duk a kan ɗari biyar! Ɗari biyar!" Daidai nan taubashina ya shigo, ya dubi talabijin, ya dube ni, ya gane komai. Ya zo ya zauna ya matse ni, yana ɓarar gyaɗa, ya raɗa min a kunne, "Ranka ya daɗe, Alhaji Lala."

Na ga in ban canza iska ba zan shaƙe. Da ma da rana na ɗan yi karatu a waya don in burge Gwaggo. Na gyara murya na ce, "Gwaggo, kin san sunanta na yanka Fatima Rashid? A Kalkata aka haife ta, 1929. Shekararta 28 kacal da fim ɗin nan ya fito, duk tsufan nan kwalliya ce."

Ta washe baki. "Ashe Binta ce! Wallahi na ga alama."

Da na tsaya a nan da na tsira. Amma baki in ya samu tafi ba ya jin birki. Na nuna Birju, ɗanta mai taurin kai, na ce, "Kuma wannan shi ta aura a 1958."

Tsit. Har yaran kan katanga suka daina motsi.

"Wa ta aura?"

"Sunil Dutt. Wannan ɗin."

"Ɗan nata?"

Salati ya tashi ta ko'ina. Na shiga kame-kame: ai sa'o'i ne, shekara ɗaya aka haife su, wata ɗaya ma, kwana biyar ta ba shi, gobara ce ta tashi ana tsakar ɗaukar fim ɗin, ta rutsa da ita, ya faɗa wuta ya fito da ita, shi ma ya ƙone, ta yi jinyarsa, soyayya ta shiga, su ne ma suka haifi Sanjay Dutt da samarinmu ke ji da shi. Duk gaskiya na faɗa, amma gaskiya ba ta da kasuwa a daren nan.

Gwaggo ta ce, "Babana, ka ji tsoron Allah. Yaron da ta goya a gabanmu? Kuma ma ai harbe shi ta yi a ƙarshe, ta ina zai aure ta?"

Haka na ji ƙarshen fim ɗin, saura kusan awa guda.

Ana cikin haka janareto ya yi tari sau biyu, ya ja wani dogon numfashi, ya mutu. Duhu ya rufe gidan. Cikin duhun na ji muryar Gwaggo, a hankali: "Wannan tarin na san shi."

Ta karɓi tocila ta nufi soro, mata na biye. Na riga ta isa, na duƙa ina fizgar igiya kamar zan cire kafaɗa. Ta haska. Mariƙin igiyar ya daɗe da karyewa, an ɗaure wani guntun atamfa a madadinsa, wata takwas ina ja ban taɓa tambayar kaina daga ina ya fito ba. Gefen tsohon zanenta ne. 'Yarta da ke aure a Kaduna ce ta saya mata injin saboda zafi, taubashina kuma ya ce mata yana wurin mai gyara, ana jiran wani ƙarfe daga Legas.

Ta ce, "Me injina yake yi a hannunka?"

Taubashi ya sunkuyar da kai kamar maraya, ya ce, "Jingina ya karɓa, Inna."

Wallahi kalmar nan ba ta taɓa yi min muni a kunne irin na ranar ba, don yanzun nan muka gama kallon yadda Sukhilala ya riƙe awarwaron Radha. Na miƙe zan yi bayani, littafin ya zamo daga aljihu ya faɗi. Wata jikarta 'yar aji huɗu, wadda malamanta ke kukan ba ta iya karatu ba, ta ɗauka ta karanta tiryan-tiryan a hasken tocila, har da kwanan wata, har da "sa hannun mai karɓa".

Na ce, "Gwaggo, ni fa ban sa ruwa ba. Ko kwabo. Kuɗina ne, gumina ne."

Ta ce ta yarda. Ta juya ta zabga wa ɗanta mafici a ƙeya sau uku, ta ce Radha bindiga ta samu, ita abin da ke hannunta ke nan. Raina ya fara fari. Sai ta juyo kaina. Wata nawa injin ya yi a gidana? Na faɗa. Na tayar da shi? Na ce jefi-jefi. Matata ta sha fanka da shi? Na ce ta sha. Ta ce to ita a watannin nan da mafici ta kwana, kuma inji ba a aronsa kyauta. Ta yi lissafinta da yatsu, ta yanke: kashi uku cikin huɗu ya tafi a kuɗin haya. Saura dubu goma sha biyar, zai biya in Allah ya hore masa.

Kashi uku cikin huɗu. Ko Sukhilala sai da ya nuna takarda.

Daga nan ta karkata injin hagu, ta ɗan dake shi da ƙafa a gindi, ta ce in ja. Ja ɗaya ya tashi. Aka koma tabarma, ta zaunar da ni kusa da ita don kada in gudu. Kuma abin haushin, fim ɗin ya kama ni. Lokacin da Birju ya kashe Sukhilala ya ɗauke 'yarsa a kan doki, uwar ta ɗaga bindiga, ba ta yi wani ihu ba, fuskarta kawai za ka kalla ka san ta riga ta mutu kafin ta harba. Ya faɗo yana miƙa mata awarwaronta. Na ji ƙwalla ta zubo min. Taubashi ya leƙo fuskata ya sanar wa jama'a cewa kuɗina nake yi wa kuka.

Sha ɗaya ta wuce na fito da jarka ba komai a ciki. Yaran layin suka raka ni har bakin titi suna "Sai da safe, Kawu Lala."

Shekaranjiya Gwaggo ta bugo waya. Ta ce ta yafe min ƙazafin da na yi wa Binta, kuma Juma'a mai zuwa Awaara take so, na 1951, wanda suka yi da Raj Kapoor, in taho da fetur tunda inji yana gida. Wannan karon sai da na bincika labarin tukuna. Babu mai bin bashi a ciki, alhamdu lillahi. Lauya ta fito, tana kare ɓarawo a kotu. Taubashina ya ce shi zai kawo gyaɗa.