Filin da Aka Sa wa Sunan Makaɗi

Ranar Asabar na kai yarana wani filin shaƙatawa a Oakland Park, kusa da Fort Lauderdale a jihar Florida ta Amurka, inda aka aske ciyawa kamar da reza, tsofaffi kuma suna jan karnuka da igiya suna kwashe kashinsu a leda. Da na ga sunan Jaco Pastorius a allon filin na ɗauka wani tsohon gwamna ne, sai wani dattijo da ke zaune a benci ya ce mini makaɗi ne, mai jitar bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya wadda aikinta shi ne riƙe kiɗa daga baya.

An haife shi a 1951, ya tashi a wannan unguwar. Da ganga ya fara, amma rauni a wuyan hannu wajen wasan ƙwallo ya mayar da shi ga bes. Ya cire ƙarafan da ke wuyan jitarsa ƙirar Fender, ya shafe itacen da irin gam ɗin da ake liƙe jirgin ruwa da shi, sai sautin ya riƙa zamewa kamar na goge. A 1976 ya shiga ƙungiyar Weather Report mai haɗa jaz da rok, ya kuma yi wa mawaƙiya Joni Mitchell kiɗa.

Sa wa fili sunan makaɗi ya burge ni, domin mu da muka tashi da waƙoƙin Shata, mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan masu kalangunsa? Har gobe akwai gidajen da ba za su ba makaɗi aure ba.

Sai dai dattijon ya ƙarasa labarin da abin da ya hana ni barci. A 1982 likitoci suka gano yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, giya da ƙwaya suka ƙara dagula al'amarin, har ya koma kwana a titi. A Satumban 1987 wani ma'aikacin gidan rawa ya lakaɗa masa duka a garin Wilton Manors da ke kusa da nan, ya mutu yana da shekara 35. Sai bayan shekara ashirin da wani abu aka sa wa filin sunansa.

Na san a gida ma masu taɓin hankali suna yawo a tasha, ba zan musa ba. Amma makaɗin da ya taɓa cika dandali ba ya rasa ubangidan da zai aiko masa da buhun gero, ko zauren da zai shimfiɗa tabarma. A nan kuwa shekarata shida a gida ɗaya, maƙwabcina bai san sunana ba, kuma da na kwanta asibiti bara, waya daga Zariya ce kaɗai ta tambaye ni ya jiki.