Wanda ya tsokane ka ya san da zamanka

Shekarata 12 aka yi wa mahaifinmu canjin wurin aiki daga Tawa ta ƙasar Adar zuwa Yamai, muka sauka unguwar Bukoki. Ranar farko a kolej, da aka tashi hutun ƙarfe goma, na rakuɓe gindin bedi, ko gaisuwar "fofo" ta Zabarmanci ban iya ba. Wasu yara huɗu suka zo, ɗaya ya tambaye ni daga ina. Ina buɗe baki suka kwashe da dariya: "Ba'adare ne! Yaushe za ka Abijan ci-rani?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai babbansu ya miƙo mini ledar kopto, wato kwaɗon ganye, ta dala biyar, ya ce, "Sa hannu, Ba'adare." Sunan da suke kirana ke nan har gobe.

Yanzu ina zaune a Liyon ta Faransa, bara ɗiyata ta shiga kolej a nan. Tsari kam sai dai a sara musu. Akwai aji na musamman don yaran da suka zo ba su iya Faransanci ba, kuma tun 2022 doka ta mai da cin zalin ɗalibi laifin da kotu ke hukuntawa. Babu wanda ya taɓa yi mata dariya. Kowa ya gaishe ta, kowa ya yi mata murmushi, amma wata uku ita kaɗai ke cin abincin rana a ƙarshen tebur. Wannan wace doka za ta kama?

Ba na cewa tsokanarmu duka alheri ce. Na san yaron da aka yi ta yi wa ba'a kan in'inarsa har ya daina zuwa lakwal, kuma da bakina a ciki, Allah ya yafe mini. Wasan taubasai da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama a 2014, irin na Bagobiri da Bazabarme, yana da ƙa'ida: wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, kuma kwano ɗaya kuke ci. Yaron nan ramawar ce ba ya iyawa, mu kuma muka ƙi gani.

Duk da haka, da za a ba ni zaɓi, ɗiyata ta samu waɗancan huɗun. Makon jiya ta dawo tana cika tana batsewa: "Baba, wata ƴar Senegal ta ce wai ƴan Nijar ba mu iya dafa shinkafa ba!" Na ce ta gayyato ta gida ranar Asabar, uwarta za ta yi dambu.